Ɗigo Bakwai a Fuskar Rediyon Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na tambayi 'yan aji uku me ake nufi da gajeren zango. Duk suka ce rediyon da ba ya zuwa nesa. Ban yi musu dariya ba, ni ma haka na ɗauka har na shiga jami'a. Na zana musu a allo yadda murya ke tashi sama, ta bugi wani rufi can a sararin samaniya, ta sauko a bayan teku. Wata mai baki a layin baya ta ce, "Malama, ba data?" Na ce ko kaɗan. Ta ce sai ta ji da kunnenta. Na yi alkawari kafin in yi tunani. Halin nawa dai.

Rediyo ɗaya na sani mai gajeren zango, na Baba. Yana cikin akwatinsa tun da ya dawo wurina bayan rasuwar Inna, wata huɗu ke nan. Ko sau ɗaya bai kunna ba.

Talata, 4 ga Maris

Na roƙa. "Ɗauki, Uwata," ya ce, fuskarsa na kallon bango. "Ki dai bi shi a hankali." Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran agogo kafin ido ya tafi, komai nasa a hankali ne. Ni ko shayi ba na iya jira ya huce.

Laraba, 5 ga Maris

Rediyon ya ji jiki. Gilashin fuskarsa babu, allurar a fili take, ga wasu ɗigo-ɗigo masu tauri a kan lambobin kamar busasshen gam. Ba zan kai wa yara abu haka ba. Na sa reza na kankare su tas, na goge da tsumma. Sai sheƙi yake.

Alhamis, 6 ga Maris

Shuuu. Awa guda, shuuu kawai. Na ɗaura waya mai taku goma sha biyar daga taga zuwa bishiyar tsakar gida, na maƙala bakinta a eriya. Shuuu ya ƙara ƙarfi. Har na fara zagin rediyon, sai na zare cajar wayata daga bango don in kira Yaya, hayaniyar ta faɗi kamar an rufe famfo. Ashe ni ke damun kaina! Can ƙasa-ƙasa ga wata mace tana magana da yaren da ban taɓa ji ba, tana zuwa tana komawa. Na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki. Ban kira Yayar ba ma.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai wa Baba ya ji aikina. Ya ɗora a cinya, ya sa ɗan yatsa a fuskar rediyon, ya bi ta daga hagu zuwa dama. Ya dawo. Ya sake bi.

"Kin goge shi."

"Ai ya yi kyau, Baba, da kun gani."

"Ya yi sumul," ya ce, ya miƙo mini. Abincin rana haka na ɗauke shi a rufe.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya a waya: "Ke dai hannunki ya fi kanki sauri." Wai lokacin da idon Baba ya fara dushewa shi da kansa ya cire gilashin, don ya riƙa taɓa allurar. Shi yana nemo tasha da kunne, Inna tana ɗiga gam daidai wurin. Ɗigo bakwai, tasha bakwai. Da su yake gane hanya. Ina makarantar kwana lokacin, daga nan jami'a, daga nan aiki. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake kunna rediyonsa ba.

Da reza. Hannun Inna, da reza.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san me na koyar yau ba.

Talata, 11 ga Maris

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Gam ne fa kawai, Uwata." Da ma faɗa ya yi.

Na ɗaga fuskar rediyon a hasken rana ko zan ga tabo. Na goge da kyau, Allah ya sani. Na samo jadawalin tashoshi a intanet, shafi shafi, da agogon duniya na GMT aka rubuta duk lokutan, sai an yi lissafi. To ko na yi lissafin, wace bakwai ce tasa a cikin ɗaruruwa? Kuma bakina ya ƙi tambaya.

Alhamis, 13 ga Maris

Da rana ta yi sanyi na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da rediyon, wai nan waya ta fi kamawa. Ƙarya nake. Ina murɗawa, ina wucewa, ina dawowa. Can daga ciki:

"Wa ya koya miki? Kina murɗa shi kamar mai kashe gobara."

Ya lallaɓo ya zauna. Bai karɓa ba. "Koma baya. Kaɗan. Kaɗan na ce, ba tafiyar kwana ba. Tsaya." Ni ban ji komai ba sai shuuu. "Malamar kimiyya, jira mana." Sai ga muryar wani mutum ta taso daga cikin hayaniyar, yana karanta wasiƙun masu sauraro.

"Ɗigo na biyu ke nan," in ji Baba. "Yana nan da ransa ashe."

Na ɗauko gam zan matsa, ya riƙe mini hannu. Da kan tsinken ashana Inna take yi, wai. Na ɗiga da tsinken, ɗigon ya fito ƙato. Da ya bushe ya shafa ya ce wannan ai dutse ne, amma makaho ba ya ƙin babbar alama.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun samo huɗu cikin bakwai. Na uku da sassafe kawai yake magana, da rana ko an yanka shi ba ya tankawa. Na buɗe littafi ina rubuta lokaci da mita da ƙarfin murya. Baba ya cinye abincinsa har ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Laraba, 19 ga Maris

Na kai aji da izininsa, bayan ya yi mini gargaɗi uku. Tsakar rana ce, kusan minti goma ba komai. Mai bakin nan ta ce, "Malama, ruwan sama kika kawo mana?" Na ji bakina ya ce, "Jira mana." Da muryar ta fito, siririya, duk suka matso kusa da rediyon. Ita ce ta fara tambayar me ɗigon nan suke yi. Na ce labari ne mai tsawo.

Asabar, 22 ga Maris

Shida. Na bakwai ya ƙi. Baba ya ce na Inna ne, kiɗa kawai suke sawa, ba ta san ƙasarsu ba kuma ba ta taɓa tambaya ba. Wataƙila sun rufe, wataƙila sun koma wata mitar. Mun bi wurin jiya da yau, kaɗan-kaɗan. Shayina ya huce a gefe, sai da Baba ya ce a zubar na tuna da shi. Ba wani abu ba ne, na dai shagala.

Gobe za mu gwada da sassafe. Ya ce in tashe shi.

Abin da zan rubuta wa yara a allo ranar Litinin: ku nemi tsohon rediyo a gida, wanda aka rubuta gajeren zango a jikinsa. Doguwar waya, a zare caja, a zauna da yamma. Ku murɗa a hankali, in kun ga kun yi a hankali ku ƙara ragewa. In kun samu da mai shi a raye, ku zauna kusa da shi. Kada ku goge komai sai kun tambaya.