Katin Rigakafi a Akwatin Sifana

Anti, ki agaza mini kafin Talata. 'Yata tana da wata biyu da rabi. Da aka yi mata allurar nan mai haɗe da rigakafin cuta biyar, cinyarta ta kumbura, jikinta ya yi zafi kwana biyu. Babanta bakanike ne, ya tsorata, ya ce ko injin mota ba a zuba masa mai kala biyar lokaci guda, balle jaririya. Ya ɗauke katin asibiti ya kulle a akwatin sifanarsa a gareji, wai sai an raba allurar ɗaya-ɗaya. Malamar asibiti ta ce a haɗe take zuwa. Yanzu har abokan aikinsa sun hana matansu zuwa, shi ne shugaban tawaye.

Ni kuwa a bayana na goyi ƙanena yana tarin shiƙa har ya cika, ina shekara tara, kuma tarin yana cikin cutukan da allurar ke karewa. Ban taɓa gaya wa maigidan ba. Talata za a yi ta biyu, kuma zan kai ta ko da kati ko babu. Tsorona kawai kada ya ji a bakin wani cewa na kai ta.

Maman Jaririya

'Yar'uwa, ki kai ta, amma kada ki yi a ɓoye. Mijinki ya ga 'yarsa tana kuka ne ya rasa abin yi. Kumburi da ɗan zazzaɓi sukan biyo bayan allurar su wuce. Ki faɗa wa malamar daidai yadda aka yi wancan karon, ta duba yarinyar tukuna. Raba allurar kuwa, ko da ana yi, ƙarin huji ne a cinya da ƙarin zirga-zirga, kuma tarin shiƙa ba ya jiran layi.

Kafin Talata ki zaunar da shi ki ba shi labarin ƙanenki. Ciwon da kika ɓoye shi ne hujjarki mafi ƙarfi, bai kuwa san da shi ba. Sannan ki ce ya raka ki, ya zazzage wa malamar tambayoyinsa, har da ta injin. In ya dawo ya gamsu, gareji ma zai ji.

Ki bari ya ɗauko katin da hannunsa, shi zai riƙe 'yar in za a soka allurar. Allah ya raya ta, ya jiƙan ƙanenki.