Ƙusar da Aka Buga a Tsamiya

Lambara, 9 ga Janairu, 1984

Zuwa ga aminina Ɗanbaba, a Boɗinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zulaihatu da yara. Yaya ƙafar nan taka da sanyin bana? Mu nan sai godiya.

Na ji an kira ɗanka Attahiru zuwa Sakkwato a kan madatsar ruwanmu, wai awonsa ne ya ɓaci, har ana batun raba shi da aiki. Gaskiya ne ruwa na kwance cikin madatsa, bakin magudana kuwa na sama da shi da kamu biyu, suna kallon juna kamar surukai. Albasarmu ta fara sunkuyar da kai. Amma yaron nan bai yi laifi ba.

Shekara uku ke nan da ya zo da sandar awonsa, ya tambayi inda ruwa ya kai shekarar babbar ambaliya, don kada a gina bakin magudana inda ruwa zai cinye shi. Aka nuno ni, tunda ni ke ba da labarin. To, ka san ni da labari. A shekarar da abin ya faru, ruwan iyakarsa gwiwata a gindin tsamiyar bakin rafi. Kafin in aurar da 'yata Kulu, a labarina ya kai ƙugu. Ran nan jama'a sun kewaye mu, sai na miƙa hannu sama har inda ya tsaya. Yaron ya russuna ya yi godiya, ya buga ƙusa a wurin, ya rubuta. Ina kallo ƙusar na shiga, na bar shi ya tafi da awon nan.

Ka yafe mini, in za ka iya.

Naka, Na'Allah.

Lambara, 21 ga Janairu, 1984

Ɗanbaba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na sami amsarka. Layi biyu ne, sun kuwa ishe ni.

Jiya bayan Juma'a na miƙe gaban mai gari na faɗi komai. Na zaci za a yi salati. Ba wanda ya yi mamaki. Can Idi mahauci ya ce ai kowa ya san ruwan labarina na ƙaruwa duk damina, sai dai ba a ƙaryata dattijo gaban baƙo. Ashe ladabin gari guda ne ya shanya albasar gari guda. Na fi son a ce zagina suka yi.

Yau aka fara haƙa don a sauke magudanar. An hana ni diga, sai na ɗauki kwando. Na roƙi a sa gonata ƙarshen layin ruwa, ba wanda ya yi mini gardama.

Takardar shaida na cikin ambulan ɗin nan, da sa hannuna da na mai gari. Don Allah ka kai ta Sakkwato kafin Litinin. Ni ya kamata in kai, amma ta ƙofar gidanka mota ke bi, ban kuwa san da wace fuska zan gaida Zulaihatu ba.

Wassalam. Naka, in har yanzu kana so,
Na'Allah.