Tsibin Duwatsun Wayrani da Aka Gine da Siminti

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Gandun Dajin Ƙasa
Daga: Eusebia Ttito Huallpa, Shugabar Makiyayan Alpaka (dabbobin ulu, dangin raƙumi), Ƙauyen Qollpani
Kwanan wata: 9 ga Yuli, 2019

Game da: Rushe tsibin duwatsun mashigin Dutsen Wayrani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina gabatar da kukan jama'ata, ba don raina yana so ba.

1. A mashigin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Wayrani akwai tsibin da muke kira apacheta. Tun zamanin fataken gishiri, duk mai hawa yakan ɗauko dutse daga kwari ya ɗora, ya bar gajiyarsa a nan. Na mijina marigayi ma suna ciki.

2. A ranar 21 ga Yuni, ma'aikatanku suka kwashe tsibin kakaf, suka gina gindin allo da shi. Allon ya faɗi tsayin dutsen daidai, amma ya ce wani baƙo ne ya gano hanyar. Da izininka, duwatsun da allon yake tsaye a kai, wa ya kai su can?

3. Wanda ya jagoranci aikin shi ne mai gadin gandu, Saturnino Ccori Ttito. Ɗana ne. Ya tarar da duwatsu a tare, ya ɗauka ya rage wa ma'aikatansa wahalar dako. A birni ya tashi saboda karatu, ni na dage a kan haka, har ina taƙama da kakinsa a kasuwa. Abin da bai sani ba, daga bakina ya kamata ya ji. Kunyar tawa ce.

4. Taron ƙauye ya yanke cewa idan Agusta, watan da muke yi wa ƙasa hadaya, ya kama tsibin bai dawo ba, za a hana shi filin kiwon ubansa. Na kuma san takardar nan tana iya cin aikinsa. Ko ta ina na juya, ni ce mai cutar da shi.

Don haka ina roƙon a ba da izinin fasa simintin kafin ƙarshen Yuli, a gyara rubutun allon. Ba ma neman mota ko lebura, mu za mu mayar da tsibin da kanmu. Kada a kore shi, don Allah. A dai umarce shi ya riƙe gudumar fasa simintin da hannunsa a gaban kowa. Idan daga ofis ne zai bi. Ni na gwada, ya ce ba ni na ɗauke shi aiki ba.

Da dukan ladabi da biyayya,

Eusebia Ttito Huallpa