Lasisin Ba Naka Ba Ne, Sadisu

Hayyin Ashir, Alƙahira

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. A fili na rubuta wannan, inda kowa zai karanta, domin magana a asirce ta daina shiga kunnenka.

Ka tuna ranar da ka samu aikin direba a unguwar Mohandessin? Ka zo ɗakina da kwalin alawar basbusa kana ta yabon maigidanka, wai ɗan kasuwa ne mai kirki, har bindiga gare shi. Lokacin gari bai gama lafawa ba tun juyin juya halin Masar, masu hali na ta neman abin kare kai. Na ce kada ka yarda ya bar ta a mota in ba ya ciki. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, ai da lasisinta, khalas, magana ta ƙare."

Da lasisinta, na ji. Da sunan wa?

Wata Talata da la'asar ya sauka a ofis, ya aike ka Wustul Balad, tsakiyar birni, karɓo takardu. Bindigar na cikin aljihun gaban mota, kuma ka sani sarai. 'Yan sanda suka tsayar da kai a shingen bincike, suka buɗe, suka gan ta. Kai da bakinka ka gaya min har murmushi ka yi, ka miƙa musu kwafin lasisin mai hoton dattijo da ƙaton gashin baki, kai kuwa ko gemu ba ka gama tarawa ba!

Lauyan da na samo ya zaunar da ni ya yi min bayani kamar ƙaramar yarinya. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a aronsa, ba ya bin mota. Wanda aka samu bindiga a hannunsa shi zai amsa, ko bai taɓa harba ta ba. Maigidanka ya zo ya ce tasa ce, Allah ya saka masa, amma hakan bai wanke ka ba. Suka kuma gano iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta ɗalibi ce, ba ta aiki ba.

Wata bakwai ina shiga bas da kular abinci zuwa inda aka tsare ka. Jarrabawata ta wuce ni. Duk Juma'a in Inna ta kira, sai in ce kana Iskandariyya wajen aiki, wayarka ta lalace. Ni da ke karantar hadisi, na koma maƙaryaciyar uwata saboda kai. Daga ƙarshe suka sa ka a jirgi zuwa gida, ko sallama ba su bari mun yi ba.

Na ce to, ma'alish, ba komai, ya ga uwar bari, ya yi hankali.

Sai shekaranjiya Inna ke ba ni labari cikin alfahari, wai ka ciro bindigar farautar marigayi Baba daga bayan sif, kana zuwa gona da ita saboda ɓarayin shanu. Wai ka ce mata kada ta damu, takardar Baba na nan. Haba Sadisu! Baba ya shekara shida a kabari. Sunansa ne a takardar, kuma ba a gadon lasisi kamar rawani.

Ban ce babu ɓarayi ba, ban kuma ce ka zama rago ba. Ka bar bindigar a gida, ka je wurin hukuma ka sanar da su mai ita ya rasu, ka tambayi yadda ake neman izini da sunanka. In sun ba ka, tamam. In sun hana, shanu ba su kai ka daraja ba.

Ni na goye ka lokacin da ka yi ƙyanda, Sadisu, har yau na san nauyinka a bayana. Wancan karon na iya ɓoye wa Inna domin akwai hamada tsakaninmu. Wannan karon a ƙofar ɗakinta za su sa maka ankwa, tana kallo.

Allah ya tsare min kai daga ɓarayi, ya kuma tsare ka daga taurin kanka. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana Inna.

Yayarka da ta gaji amma ba ta haƙura ba,
Rabi