Ƙaurin da Ya Zo Daga Ikko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Babban Alƙali mai sauraren ƙarar masu jego na Dutse da Kiyawa da Jahun, har da ƙauyukan da mota ba ta shiga, zuwa ga Malam Hudu mahauci, mazaunin kwatar shanu a Ikko. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, muna fatan kana lafiya, don mu dai nan hancinmu ba lafiya.

Muna sanar da kai cewa jakar kayan jego da ka aiko wa matarka Zuwaira ta iso, amma warinta ya riga ta shiga gari. Ka san yanzu ba da ba ne, shari'a ta zo jihar nan. Mun buɗe duk littattafan da ke gabanmu muna neman babin laifinka, ba mu samu ba. Malaman da suka rubuta su ba su taɓa zaton za a haifi mai yin irin wannan ɗanyen aiki ba.

Ga yadda shaidu suka bayyana. Ranar da Zuwaira ta sauka, mahaifiyarka ta tare direban tirelar shanu ta ce ya gaya maka an samu ɗiya mace, ka turo abin ƙauri. Ko yaron da bai sauke izu ɗaya ba ya san nufinta: ka aiko abin da za a je kasuwar Kiyawa a sayo ƙafafun saniya sababbin yanka, a dafa da yaji, mai jego ta sha romo, a raba wa dangi. Kai kuwa da yake wuƙa na hannunka, sai ka datse ƙafafu huɗu ɗanyu, ko babbaka babu, ka barbaɗa musu gishiri kamar mai cin gyaɗa, ka ƙulle a leda.

Da ka tsaya nan ma da sauƙi. Sai ka ɗauko atamfa sabuwa, da sabulu, da man shafawa, da garin yaji, da turaren wuta, da 'yan rigunan jaririya, ka danna su jaka ɗaya da ƙafafun, ka ja zif. A tsakiyar bazara, Malam Hudu! Mota kuma ta lalace bayan Jebba, jaka ta yi ta shan rana har sai da Allah Ya kawo makaniki.

Kotu na tambaya: shanun da kuke yankawa a Ikko, daga ina ake loda muku su? Ba daga nan ba? Wato saniya ta bar ƙasarmu da ƙafafunta lafiya lau, kai ka dawo mana da su a ruɓe.

Ɗan acaɓan da ya kawo jakar daga bakin titi a kan sanda ya rataye ta. Duk da haka Innarmu, wato Innarku nake nufi, ta ce ai warin motar shanu ne. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika aka kira matan unguwa, don su ga abin da ɗanta ya aiko daga Ikko. Ana gobe suna ne, gida cike da 'yan barka. Aka ba Goggo Abu unguwarzoma girman buɗewa.

Wa'iyazubillahi. Wani koren ruwa ne ya fara tsiyayowa, sai tsutsa fara sol, kowacce ta yi ƙiba, suna ta wutsil-wutsil a cikin rigar jaririya. Yaji ya jiƙe ya cure. Sabulun da ake wanke dauɗa da shi, shi kansa yana neman mai wanke shi. Koren ƙudan da ban taɓa gani a garin nan ba, ranar har da baƙi daga wasu garuruwa. Wata ta ce a kunna turaren a kori warin, aka zuba shi a kasko, sai ga hayaƙin mushe ya bi ɗaki-ɗaki. Mata suka watse, wata ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Goggo Abu ta ce, "Tun ban da furfura nake yanke cibi a garin nan, wari bai taɓa korata ba sai yau." Kaji ne kaɗai suka yi maka godiya, kuma har yau ba mai cin ƙwansu.

Da za ka tambaya, kayan jego ba su gagara ba. Abokanka mahautan Kiyawa da suka gama dariya sun kawo ƙauri mai kyau. Kunun kanwa ba ya yankewa. Itace da ruwa da ganyen darbejiya na wanka kuwa, akwai wani yaro mai hankali da natsuwa a gidan, Iro, ƙaninka, shi ke ta fama safe da yamma. Kotu ta yaba masa ƙwarai, ta kuma ga ya cancanci agogo.

Yanzu ka gyara zama, abin da ke tafe ba na dariya ba ne.

Direba bai gaya maka jini ya ɓalle mata ba, don shi ma bai sani ba. A amalanke aka fitar da ita titi, sai asibitin Jahun, sai da aka yi mata ƙarin jini. Ta dawo tafin hannunta fari fat. In an gama yi mata wanka, sai an riƙe ta take kai wa ɗaki. Ka kuma san ba ta da uwar da za ta tafi wankan gida wurinta. Inna na iya ƙoƙarinta, amma Zuwaira na jin nauyinta, ko ina ke mata ciwo ba za ta faɗa ba. Aka yi suna ba ka nan. Duk acaɓan da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai.

Da za a binne kayan a bayan gari, ta hana a haɗa da atamfar. Ta sa aka wanke da toka, aka sake da omo, aka jiƙa da lemon tsami. Wallahi har yanzu in rana ta buge ta, warin na tashi. Ita take ɗaurawa. In mata sun kawar da fuska, sai ta ce, "Ku bar ni, shi ya zaɓo da hannunsa." Ni da nake tsokanarta kullum ina ce mata matata, ranar fita kawai na yi.

Kawunta na Jahun yana cikin waɗanda suka shaƙi turarenka. Ya ce mijin da zai aiko mushe a madadin kansa ba miji ba ne. Ya rantse in aka yi arba'in ba ka zo ba, zai ɗauke ta da jaririyar, kuma ka san kawun nan, abin da ya shiga zaurensa ba ya fitowa da daɗin baki. Zuwaira ba ta son tafiya, amma ba ta da bakin musa masa, sai in kana tsaye a tsakar gida.

Na san ba mugunta ka yi ba. Kai ne fa da ƙyanda ta kama ni ka goya ni har bakin titi, kana yi mini ƙaryar za ka saya mini keke don in daina kuka. Zuciyar na nan, Yaya, lissafin ne babu. Ka zaɓi ƙafafun da suka fi kowanne tsoka, na gani kafin in yi amai.

Saboda haka kotu ta yanke hukunci. Ba bulala, ba tara. Ka hau motar farko, ka zo ka tsuguna gaban murhu ka hura wutar ruwan wankanta da bakinka, ta leƙo ta gan ka. Ka ɗauki 'yarka, mai irin kunnuwanka, Allah Ya ba ta haƙuri. Kuma ka taho hannu sake. Ko tsinke kada ka riƙo mana.

Allah Ya ba Zuwaira lafiya, Ya mayar mata da jininta, Ya raya yarinya bisa sunna, Ya sanyaya zuciyar kawu, Ya kawo ka gida kafin arba'in. Amin.

Alƙali kuwa, ka kwantar da hankalinka, babu shi. Ni ne Iro. Na san in ka ga sunana a sama za ka ce shaƙiyancina ne, ka ƙunshe tsire da takardar ba ka karanta ba. In ka zo ka dake ni, na yarda, in dai ka zo.

Ƙaninka,
Iro