Zulai, kafin ki tafi Bahar Maliya ba tare da ni ba

Zuwa ga Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki da sababbin ƙawayenki. Na rubuta ta a nan inda kowa zai gani ne saboda saƙonnina uku suna cikin wayarki tun bara, an buɗe su, ba a amsa ba. Masu karatu su yi haƙuri, ba da su nake ba. Amma na san a cikinsu akwai wadda za ta tura miki kafin la'asar, don mutanenmu na New York ba sa barin magana ta huce.

Maman Fati mai kitso ta layi na 116 ce ta gaya mini. Na je ranar Asabar, tana cikin tsaga kaina ta ce ai ƙanwata ta zo jiya, Masar za ta, Bahar Maliya, kwana bakwai a cikin jirgin ruwa ba sauka. Ta gefen hagu ta faɗa, sai da na juyo mata da kunnen dama ta maimaita. Na ce ma sha Allah. Na riƙe murmushina har ta gama, na shiga jirgin ƙasa zuwa Highbridge, na haye tudun nan namu ina haki. Sai da na rufe ƙofa sannan na zauna na yi kukana.

Tafiyarmu ce, Zulai, kin sani. Ni na kai ki ruwa. Ranar da na ga sanarwar awar mata a wurin ninƙaya na Harlem, ke kika ce me ya haɗa 'yan Fagge da iyo. Da ƙyar na ja ki. Sati uku kina maƙale da gefe, ina tallafe da cikinki kina wutsil-wutsil da ƙafa. Da muka iya, muka shiga ajin nutso, wanda ake goya silindar iska a sauka ƙasan ruwa. Ni ce na fara nuna miki hoton irin jirgin da masu nutso ke kwana a ciki, su ci a ciki, su faɗa teku sau uku ko huɗu a rana. Shekara biyu ina karatu a kansa a lokacin hutuna a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ina damun duk wanda ya taɓa zuwa da tambaya. Na cika ɗan littafi guda. Yanzu ba shi da amfani a wurina, kuma haushina bai kai in jefa shi a shara ba. Don haka ga abin da ke ciki.

Kada ki ɗauki akwatin nan mai taya da kike zuwa gida da shi. Ɗakin jirgin bai kai kicin ɗinki ba, babu inda za ki cusa shi. Ki nemi jaka mai laushi wadda za ki naɗe in kin kwashe kaya. Na san ki da son kaya, to atamfa ba ta da aiki a can, takalmi ma tun a bakin ƙofa za su karɓe sai ranar sauka. Dogayen riguna marasa nauyi guda uku sun isa, da hijabin iyo biyu don ɗaya ya sha iska, da rigar sanyi, saboda bayan nutso na uku jiki yana ɗaukar rawa ko da rana na dukan mutum. Tabarau ɗinki na ruwa da agogon nutso da abin shaƙar iska su zauna a jakar hannu. In zannuwa suka ɓata a filin jirgi za ki yi maneji, amma tabarau da ya zauna daidai da fuskarki ba za ki same shi a tsakiyar teku ba.

Maman Fati ta ce shuku kika sa ta yi miki. Shuku, Zulai! Igiyar tabarau a kan ƙullin gashin za ta zauna? Ki koma ta tsefe ta yi miki na kwance, ƙanana, ki tafi da man kitso mai yawa.

Maganin jiri ki sha shi tun jirgin yana ɗaure a tasha, kada ki jira sai cikinki ya fara juyawa. Ke da jirgin Staten Island ya sa ki amai a leda, kina rantsuwa wai ƙosan safe ne. Ki sha ruwa kuma. Na san dabararki ta ƙin sha don kada ki nemi bayi kina cikin rigar roba. Dabarar banza ce, kwana bakwai a jere jikinki ba zai ɗauka ba.

Alƙibla a jirgi ba ta zama wuri ɗaya. Inda kika fuskanta da asuba ba nan ba ne da azahar, don jirgin yana juyawa a kan igiyarsa. Ki tambayi ma'aikatan kowane lokaci, yawancinsu masu salla ne. In aka kaɗa ƙararrawar shiri kika ji gajiya, ki yi zamanki, ba wanda ya wajabta miki shiga kowane nutso. Bayan na ƙarshe kuma ki bar kwana ɗaya cur kafin ki hau jirgin sama, ko da shugabar aikinki tana kira tana ihu.

An ce da wata abokiyar aikinki za ki tafi. Ban san sunanta ba, ban kuma tambaya ba. Ki duba kayanta kafin ku faɗa ruwa, ita ma ta duba naki, kowane lokaci, har rana ta bakwai da kowa ya saba ya fara sakaci.

Duk waɗannan kina iya samunsu a bakin wani. Wanda ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma ba a littafi na same shi ba.

Ranar da muka je tafkin nan na bayan gari, tafiyar awa biyu a motarki, na tashi da mura. Kin ji ina atishawa, kin ga ina fyace hanci tun daga gadar George Washington. Malaminmu ya faɗa ya maimaita har muna kwaikwayon muryarsa: mai mura ba ya nutso. Kika dube ni kika ce, “Sannu, Yaya.” Na ce ba komai. Kika yi shiru, saboda na girme ki da shekara takwas, kuma ba a koya mana ƙanwa ta ce wa yayarta zauna ba. Ni kuma na yi shiru saboda ba zan zauna a bakin ruwa ina gadin jakunkuna ba, alhali wadda na koya wa sa fuska a ruwa tana ƙasa.

Muna bin igiya muna sauka, kunnen hagu ya ƙi buɗewa. Na toshe hanci na hura, na haɗiyi yawu, na sake hurawa. Zafin ya zama kamar ana tura mini ƙusa. A nan kika juyo, kika haɗa babban yatsa da manuni, alamar nan da ake tambaya ko lafiya. Akwai wata alamar ta cewa da matsala, a shimfiɗa tafin hannu a girgiza shi, a nuna kunne. Na san ta, na ci jarrabawa a kanta. Amma kafin in yi tunani hannuna ya riga ya mayar miki da lafiya lau.

Haka aka raine mu. A tambaye mu ya jiki, mu ce da sauƙi. Mahaifiyata “da sauƙi” ta yi ta ce wa masu dubiya har safiyar da ta cika. A tudu wannan ladabi ne, kuma mai tambayar ya san ya dubi fuskarki ya gane sauran. A ƙasan ruwa fuska tana bayan gilashi, baki yana cike da roba, abin da hannu ya faɗa shi ke nan.

Muka ƙara sauka. Na ji wani abu ya ɓarke, ruwan sanyi ya shige cikin kaina, sama da ƙasa suka rikice mini. Kika damƙi igiyar kafaɗata, kika hau da ni a hankali kamar yadda aka koya mana, ba ki firgita ba. Wannan yabon ban taɓa hana ki ba, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Likita ya ce dodon kunnen zai warke, kuma ya warke. Abin da ya taɓu can ciki ne ba zai dawo ba. Ya ce ni da nutso har abada. Yanzu haka da nake rubutun nan wata siririyar ƙara tana yi mini fito a hagu, ba ta hutawa, tsofaffin da nake kula da su kuma sun fara yi mini tsiya wai na fi su kurumta.

Kin zo dubiya sau biyu da farfesu a kula. Kika ce ya jiki, na ce da sauƙi, kika yarda. Ko dai yardar ce ta fi miki sauƙi, Allah masani. Sati uku bayan nan na buɗe waya na gan ki a bakin tafkin nan dai, cikin rigar roba, kina dariya har haƙoranki na ƙarshe. Ko wata ɗaya ba ki iya yi mini kara ba. Wannan hoton ya fi kunnen ci mini rai.

Shi ya sa na yi abin da na yi a taron sunan nan na Morris Heights. Wata ta yi mini magana ta hagu ban ji ba, kika taɓa ni don in juya, na ɗaga murya na ce, “Ga wadda ta kurmantar da ni nan, ku tambaye ta.” Mata suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kika ajiye farantinki ba ki ci ba, kika nemi takalminki a cikin tarin da ke bakin ƙofa, kika fita. Tun maganar tana bakina na san ba gaskiya ba ce. Hannuna ne ya yi ƙarya a ƙasan ruwa. A gaban mutane na ɗora miki, ga shi a gaban mutane na sauke.

Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki duka. Har yanzu ina jin haushinki. Kin ga murar kin yi shiru. Na ci mutuncinki kin yi shiru. Shekara ɗaya da rabi kina shiru, kina tsallaka titi in kin hango ni a bakin masallaci. Da kin tsaya ranar nan kin ce Yaya ƙarya kike, da mun yi faɗanmu mun gama, da yanzu ni nake naɗe miki jaka ina mita. Ladabin nan naki ya cuce ni sau biyu, kuma ban ga ranar da ya yi miki ba.

To ki saurare ni. In kika ga abokiyar tafiyarki tana jan hanci, ki ce mata ba za ta shiga ba, ko ta girme ki, ko ita ce shugabarki a wurin aiki. In ta ba ki alamar lafiya kika ga idonta bai yi miki ba, ki matsa kusa ki sake tambaya. In kuma ke ce kunnenki ya ƙi, ko numfashinki ya sauya, ko kawai gabanki ya faɗi ba dalili, ki girgiza hannun nan ki hau sama. Ki ɓata wa kowa nutsonsa. Su yi tsaki, su yi gulmarki a wurin cin abinci, ba abin da zai rage ki.

Ba zan ce ina taya ki murna ba, don ba na yi. Za ki ga kifayen da na haddace sunayensu, ni kuwa ina nan ina canja wa tsofaffi zanin gado. Na roƙi Allah ya cire mini wannan daga zuciya, bai riga ya cire ba. Kada ki turo mini hoto. Zan je in nema da kaina in kalla, in ji haushi, wannan matsalata ce.

Saura abu ɗaya, ƙanwata. Kafin jirgin ya tashi za su miƙo miki takarda, a ƙasanta akwai layin da ake rubuta sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Na san za ki tsaya da biro a hannu. Inna, mahaifiyarki, tana Kano da hawan jininta, ba ta jin Turanci, ba kuma irin kiran da za a yi mata ba ne. Abokiyar tafiyarki tana cikin ruwa ɗaya da ke. Ki rubuta sunana. Lambar ba ta canja ba. Ba sai kin yafe mini ba, ba sai kin gaya mini kin rubuta ba. Kwana bakwai ɗin nan wayar tana aljihuna da ƙararta a buɗe, har a wurin aiki inda aka hana, ina roƙon Allah kada ta yi ƙara.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare numfashinki da kunnuwanki, ya kwantar miki da teku. Duk saukar da za ki yi, Allah ya sa ki hau da ƙafafunki. Ya dawo wa Inna da 'yarta cikakkiya. Ni kuma ya yaye mini abin da ke raina, ya yafe mana baki ɗaya. Amin.

Yayarki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
Rakiya
Highbridge, Bronx