Amanar Gwiwar Sale

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Tsahara, a makwancinki na gabas da Cadawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, ni ce Hajara. Kada ki yi mamakin takarda daga hannuna. An buɗe mana ajin yaƙi da jahilci, kuma 'yar nan taki da kike cewa kanta ya fi dutsen niƙa tauri ta iya haɗa baƙi da wasali. Na san ko da ranki ba ki karanta boko, balle yanzu, amma maganar ta fi ƙarfin cikina.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, damina ɗaya kafin a sauke tutar Faransa. Kin tuna ranar da kika kira ni bakin gadonki, kika damƙe wuyan hannuna? Kika ce, "Hajara, ga ƙanenki Sale, amana. Kak ki bari gwiwatai ta taɓa ƙasa." Na ce to.

Na san abin da kike gudu. Tun da zazzaɓi ya shanye ƙafafunsa yana ɗan shekara uku, kike kallon guragun da ke jan jiki a bakin kasuwa, hannu a sama, kina cewa ɗanki ba zai shiga cikinsu ba. Da sarkin guragu ya aiko a ba shi yaron, da muciya kika raka ɗan aiken har ƙofar gida.

Na riƙe amana, Iya. Bayan gida, gona, filin idi, duk a bayana yake zuwa. Da Idi ya zo neman aurena na ce sai dai ya gina ɗakinsa a gidanmu, ya kuwa gina, abokansa suna yi masa ba'a wai ya auri amarya da goyonta. To, goyon ya girma. Sale yana shekara goma sha uku, muryarsa ta fara buɗewa, ƙafafunsa suna dukan ƙwaurina in ina tafiya, zane biyu nake ƙullawa kafin ya ɗauru.

Ga shi na haihu, mace, sunanki aka sa mata. Baya ɗaya gare ni. In na goya ta zuwa rijiya, Sale yana kan gado yana riƙe fitsari har in dawo. An yi suna a Gazawa ban je ba, an yi rasuwa a dangin Idi ban je ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ke zan faɗa miki: na gaji.

Bayan girbin gyaɗa wasu mutane suka zo daga Maradi, suka kafa rumfa a bakin likitar garinmu, wato asibiti, suka tara mu masu kula da guragu har kwana uku. Mai koyarwar, Malam Garba, kafinta ne, shi kansa gurgu. Ya nuna mana yadda ake murza ƙafa da man gyaɗa ana miƙar da ita a hankali. Ya fito da takalman hannu na icce, da guntayen tayar mota da ake ɗaurawa a gwiwa. Ya ce daga nan ake farawa, sai hannu ya yi ƙarfi a kai ga sanduna. Da idona na ga wata yarinya daga Sae Sabuwa ta ƙetare rumfar nan da kanta, uwarta tana guɗa tana share hawaye.

Da ya zo kanmu ya ce in sauke Sale. Na gaya masa maganarki. Ya daɗe yana duban yaron, sannan ya ce, "Uwarku ta so shi ƙwarai. Amma bayanki inda za ki yake kai shi, ba inda za shi ba." Raina ya ɓaci, kin san halina, na gyara goyona na yi tafiyata. Sale kuwa na ji wuyansa a juye yana kallon rumfar har muka sha kwana.

Na kai maganar wurin liman. Ya ce amanar mamaci tana da nauyi, ya kuma ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Na fito yadda na shiga, gaba kura baya siyaki.

Shekaranjiya igiyar guga ta tsinke, na dawo daga rijiya da wuri. Na tarar da Sale a kan gado inda na bar shi, yana haƙi, ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa cikin wannan zafi. A tsakar gida kuwa ga sawu a cikin rairayi, daga ƙofar ɗaki har zaure, an bi shi da tafin hannu ana gogewa, ba a gama ba. Ya ce mini sannu da dawowa. Na amsa, na ɗauki tsintsiya na share sauran.

Daga baya maƙwabciyarmu Dije ta gaya mini tun ranar rumfar yake haka. Da na fita sai ya sauko, ya ja jiki zuwa zaure ya zauna yana kallon masu wucewa, gwiwoyinsa duk sun sale saboda ba abin da ya ɗaura musu. Ya roƙe ta kada ta faɗa mini, wai don kada Yaya ta zama mai cin amana.

Iyata, ke kika ɗaura wannan goyo, ke kaɗai za ki iya kwance shi, ga shi ba ki magana. Malam Garba zai dawo ran kasuwa mai zuwa, zuwansa na ƙarshe ke nan kafin ruwa ya sauka. An ce ya ajiye takalman hannu biyu da sunan Sale.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya miki ƙasa, ya saka miki da aljanna saboda goyon shekara shida da kika yi kafin nawa. Ni kuma ya nuna mini hanya. In na sauke shi ran kasuwa, ki yafe mini. In ban sauke shi ba, ban san wanda zan roƙa gafara ba, don shi har abada ba zai ce na yi masa laifi ba.

Taki har kullum,
Hajara